Mura ta cika gari, asibiti ya ce a koma gida: sakaci ne ko tsarin aiki?

Da zarar hunturu ya kankama a Katsina, hazo ya rufe gari, sai wani ƙorafi ya dawo bakin jama'a a majalisu da cikin Keke Napep. An kai yaro asibitin unguwa jikinsa zafi rau, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage, an bi layi tun hantsi, ƙarshe malamin asibiti ya rubuta farasitamol ya ce a je gida a riƙa ba shi ruwa. Ba allura, ba ƙarin ruwa, balle gado. Abin da ya fi ƙona rai, wata da ta zo a bayanka aka tsallake ka aka shiga da ɗanta. Shin wannan sakaci ne da raina talaka, ko haka aikin ya gada? Kuma idan mura ta zama annoba a unguwa, me ya wajaba ƙaramin asibiti ya yi, me yake iya yi, me kuma ya fi ƙarfinsa?

Wace murar ake magana a kai?

Akwai murar yau da kullum, mai zuwa a hankali da yoyon majina da atishawa, wadda ba ta hana mutum fita kasuwa. Akwai kuma wadda likitoci ke kira infuluwenza, ita ce batunmu. Wannan ba ta sallama. Magidanci zai fita da safe garau, kafin la'asar yana kwance cikin bargo da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, busasshen tari da kasalar da ko kofin ruwa ɗauka yake da ƙyar. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma nau'i biyu ne suka fi kama mutane duk shekara, A da B. Tana bin feshin tari da atishawa da hannun da aka share majina da shi. Daga ɗauka zuwa kwanciya kwana ɗaya zuwa huɗu ne, shi ya sa gida guda kan kwanta gaba ɗaya cikin mako.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan ɗaya ke kamuwa da ita a shekara, miliyan 3 zuwa 5 daga ciki tana tsananta a kansu, kuma tana kashe tsakanin 290,000 zuwa 650,000. A lura da waɗannan lambobin da kyau, domin duk tsarin asibiti a kansu ya ginu: masu kamuwa ba su ƙirguwa, mafi yawansu za su warke da kansu cikin mako guda, 'yan kaɗan ne za ta gangara wa huhu. Aikin asibiti shi ne ya tsinto waɗannan 'yan kaɗan ɗin daga cikin taron kafin lokaci ya ƙure.

Ba baƙuwarmu ba ce. A 1918, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, annobar da tsofaffi suka riƙa kira marisuwa ta sauka a Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba, ta biyo layin dogo zuwa Arewa, kuma masana tarihi na ƙiyasta ta hallaka kusan rabin miliyan a Najeriya. A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna, karon farko a nahiyar Afirka. A 2009 kuma sabon nau'in H1N1 ya zagaye duniya. Ƙwayar kan sauya kama daga shekara zuwa shekara, don haka wanda ya yi ta bara bai tsira daga ta bana ba.

Sanyi da ƙura ba su ne ke haifar da ita ba, hanya suke share mata. Ƙura tana busar da hanci da maƙogwaro, sanyi kuma yana sa a toshe tagogi a cunkusu ɗaki ɗaya, wani lokaci ga kaskon garwashi a tsakiya. A ƙasashe masu zafi irin tamu ana samunta ko da damina.

Yadda asibiti ke gane abin ya wuce na kullum

Ƙaramin asibiti ba shi da na'urar da za ta ce wannan infuluwenza ce. Abin da yake da shi rajista ce da ido. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai lura cewa masu zazzaɓi da tari sun ninka cikin 'yan kwanaki, daga layi ɗaya ko makaranta ɗaya suke fitowa, kuma gwajin maleriya na tsinke yana ta nuna babu. Wannan na ƙarshen shi ne babban manuni, domin a wurinmu duk zazzaɓi sunansa maleriya har sai an tabbatar da akasin haka. Ma'aunin da ake bi a duniya mai sauƙi ne: zafin jiki da ya kai digiri 38, da tari, kuma abin bai wuce kwana goma da farawa ba.

Daga nan sai rahoto. Kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 34 na jihar tana da jami'in sa ido kan cututtuka, wanda ma'aikata ke kira DSNO. Shi ake kira, shi ke zuwa ya duba, ya miƙa wa jiha, jiha ta miƙa wa hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, wato NCDC, a Abuja. Idan ana son tabbatarwa, sai an goge cikin hanci da maƙogwaron wasu marasa lafiya da auduga, a sa cikin sanyi a aika. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana cikin 'yan cibiyoyin da Najeriya ke bibiyar wannan cuta ta hanyarsu, babban ɗakin gwajin kuma yana Gaduwa a Abuja. Kafin sakamako ya dawo an kwana biyu, don haka asibitin kirki ba ya zaman jiran takarda, yana fara shiri tun daga zargi.

Akwai dalilin da ya sa rahoton ba ɓata lokaci ba ne. Cututtuka da dama suna farawa kamar mura. Ƙyanda tana farawa da zazzaɓi da majina da jan ido kafin ƙuraje su feso. Mashaƙo, wanda ya yi ɓarna a Kano da Yobe da Katsina a 2023, yana farawa da ciwon maƙogwaro. Sanƙarau lokacinsa ke nan, rani da ƙura. Ga korona. Malamin da ya ce yaro ya buɗe baki ya haska da tocila, ya lanƙwasa wuyansa, ya ɗaga rigarsa ya duba fata, waɗannan yake nema.

Layi, da dalilin tsallake shi

Nan ne rigimar take, nan ne kuma aka fi yi wa ma'aikata mummunar fahimta. A ranar da babu annoba, wanda ya riga zuwa shi ke riga shiga. A ranar annoba wannan adalcin kisa yake yi. Abin da ya dace shi ne a zaunar da ma'aikaci ɗaya tun daga bakin ƙofa, kafin ma wurin yankar kati, ya raba mutane. Masu tari a ware su a rumfa ko ƙarƙashin bishiya inda iska ke kaɗawa, a ba su takunkumi in akwai, kada su haɗu a benci ɗaya da masu awon ciki da jariran da aka kawo rigakafi. Sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda ba zai iya jira ba.

Kayan aikinsa na farko agogo ne. Zai buɗe ƙirjin yaro ya ƙirga numfashi na minti ɗaya cur. Jaririn da bai kai wata biyu ba, idan ya kai 60, akwai matsala. Daga wata biyu zuwa ƙasa da shekara, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Idan kuma ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki duk lokacin da yaro ya ja numfashi, ciwon ya isa huhu, wato ya zama limoniya. Yaron da ya ƙi kama nono, ko yake amayar da duk abin da ya sha, ko yake jijjiga, ko aka tashe shi ya kasa farkawa sosai, wannan ba a tambayar lambar katinsa. Akwai kuma 'yar na'urar da ake maƙala wa a yatsa ta nuna yawan iskar oksijin a jini. Idan ta nuna ƙasa da 90, ana buƙatar oksijin nan take.

Abin mamakin shi ne, yaron da ke tsala ihu yana fisge-fisge, jikinsa zafi kamar wuta, sau da yawa ya fi lafiya a kan wanda ya yi lamo a bayan uwarsa ba ya ko kuka. Mai jira a layi kukan yake ji, ma'aikaci kuwa shirun ne ke tayar masa da hankali. Mai ganin an yi masa son kai bai san abin da aka gani ba, kuma ba laifinsa ba ne tunda ba wanda ya gaya masa.

Bayan yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ana sa ido na musamman a kan masu juna biyu da masu jego, tsofaffi, masu asma, ciwon suga, ciwon zuciya, sikila, da masu tarin fuka ko cuta mai karya garkuwar jiki. A Katsina dole a ƙara da tamowa. Ba a banza ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyoyin kula da yara masu tamowa a jihar tun 2021 ba. Yaron da yunwa ta riga ta ci jikinsa ba ya ma iya yin zazzaɓi mai zafi, jikinsa na iya yin sanyi alhali huhunsa ya cika. Murar da ɗan maƙwabci ya yi kwana uku ya miƙe, shi tana iya tafiya da shi. Shi ya sa ake ɗaura masa tef ɗin awo a dantse ko da tari aka ce ya kawo shi.

Me ya sa ba a yi allura ba?

A wurin mutanenmu, asibitin da bai yi allura ko ƙarin ruwa ba bai yi komai ba. Amma maganin kashe ƙwayoyin bakteriya, irin su amoksisilin da kafso ja da yalo da allurar seftriyazon, ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Bayar da shi ga mai mura zalla asarar kuɗi ce, yana iya kawo gudawa, kuma yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, har ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci. Wurinsa shi ne idan limoniya ta shigo, a nan amoksisilin mai narkewa a ruwa yana ceton rai. Ƙarin ruwa kuwa na wanda ya bushe ne ya kasa sha. Wanda ke iya haɗiyar kunu ba ya buƙatarsa, ɗura wa mai ciwon huhu ruwa fiye da kima ma ƙara masa wahalar numfashi yake yi.

Akwai maganin da aka yi domin infuluwenza kanta, oseltamivir, wanda aka fi sani da Tamiflu. Ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 48 na farko, kuma masu haɗari ake fifitawa da shi. Sai dai ba abu ne da ake samu a kantar ƙaramin asibiti ba. Abin da ya rage a hannun malami shi ne farasitamol, ruwa, hutu, da ci gaba da shayarwa. Ba a ba yaro asfirin a irin wannan zazzaɓi, domin yana iya jawo ciwo mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Maganin tari mai kodin kuwa gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi tun 2018. Shayin citta da kanumfari da lemun tsami babu laifi, yana sanyaya maƙogwaro. Zuma ma haka, in ban da jaririn da bai shekara ba. Sirace da tafasasshen ruwa ga ƙananan yara ƙuna yake jawowa.

To amma masu ƙorafi ma suna da gaskiyarsu, kuma a ganina ita ce ta fi nauyi. Uwa ta biya kuɗin mota daga ƙauye, ta bar surfe da girki, aka miƙo mata takarda ba tare da an ɗaga kai an dube ta ba. Ina za ta nufa? Kemis. Shi zai saurare ta, ya haɗa mata kala biyar a leda, ya yi allura, ya ma ba ta bashi. Abin da zai hana wannan bai kai minti biyu ba. A ce mata: "Hajiya, ɗanki mura ce mai ƙarfi, na ƙirga numfashinsa lafiya lau, ba ta taɓa huhu ba. Allura ba za ta yi masa komai ba. Amma in kika ga yana haki, ko ya ƙi nono, ko nan wurin yana lotsawa, ko da tsakar dare ne ki dawo da shi, kada ki bi layi." Sallamar da aka yi da wannan bayani magani ce. Wadda aka yi babu shi, ko da takardar daidai take, rabin aiki ne. Ma'aikata za su ce mutum biyu ne a kan aiki ga ɗaruruwa na jira, kuma gaskiya ne. Sai dai ana iya yin bayanin sau ɗaya ga rumfa guda da babbar murya, kamar yadda ake yi wa mata ranar awo.

Oksijin, wuta da motar ɗaukar mara lafiya

Idan ana son a san ko asibiti ya shirya wa annobar mura, kada a ƙirga kwalayen magani, a tambayi oksijin. Mai limoniya mai tsanani rashin iska ke kashe shi kafin magani ya fara aiki. Hanya biyu ce: tukunyar oksijin, wadda ke ƙarewa sai an kai ciko, ko injin da ke tace ta daga iskar ɗaki, wanda ba ya ƙarewa amma yana tsayawa da zarar an ɗauke wuta. Inji ɗaya mai ba da lita biyar a minti ana iya raba shi wa yara fiye da ɗaya idan akwai abin rabawa. Ke nan batun sola da batir da man janareta ba maganar jin daɗin ma'aikata ba ce. A hunturu ma sai an riƙa wanke matacin injin da goge faifan sola saboda ƙura, ƙaramin aiki da ake mantawa har inji ya mutu.

Wanda ya fi ƙarfin asibitin mazaɓa ana tura shi gaba: babban asibitin yankin, ko a cikin birni Babban Asibitin Katsina, Asibitin Turai 'Yar'aduwa na mata da yara, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. Turawa tana da ƙa'ida. A ba da kashin farko na magani kafin a tashi, a rubuta takarda, a buga waya a ji ko akwai gado. A nan talaka ya fi jin jiki: shatar mota, kuɗin gado, kuɗin oksijin, abincin mai jinya, ga sana'a ta tsaya. A yankunan da matsalar tsaro ta taɓa, dare kan yi a kasa fita sai gari ya waye. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a yanke shawarar turawa da rana tsaka, kada a ce bari a ga yadda zai kwana. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake ba aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, da nufin kowace mazaɓa ta samu cibiya guda mai aiki. Kwamitin ci gaban mazaɓa yana da hakkin ya tambayi inda kason cibiyarsu ya shiga, kuma kafin sanyi ya sauka ya kamata a yi tambayar.

Ma'aikata da 'yan dubiya

Cibiyar da ke da ma'aikata huɗu, idan biyu suka kwanta, ta rufe ke nan ko da ƙofarta a buɗe take. Ba a manta ba, mutum na farko da korona ta kashe a jihar nan a watan Afrilun 2020 likita ne a Daura. Saboda haka takunkumi da sabulu da ruwan wanke hannu na ma'aikata ne tukuna, kuma wanda ya kamu ya zauna a gida. Jarumtar zuwa aiki da zazzaɓi rabon cuta ce ga masu awo.

Dubiya kuwa ibada ce da zumunci, ba wanda zai hana ta. Amma mota guda ta mata da goyo da kulolin abinci a ɗakin masu tari, ita ke kwasar cutar ta kai unguwanni uku kafin magariba. Asibiti kan taƙaita zuwa mai jinya ɗaya, a hana shigo da yara, a ware ɗaki ga masu mura, a buɗe tagogi ko da ana sanyi. Mai gadi ne ke shan zagi a kan wannan, alhali umarni aka ba shi.

Abin da ke wajen katanga

Rabin aikin a cikin gari yake. Asibiti shi kaɗai muryarsa ba ta wuce ƙofarsa, sai ya bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, da limamai, da mai shela, da matan nan masu shiga gida-gida da aka saba gani a lokacin rigakafin shan inna. Saƙon ba sabo ba ne a kunnen Musulmi, domin ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan rufe fuskarsa da hannu ko tufa idan zai yi atishawa. Makarantun allo da na kwana, inda yara da yawa ke kwana ɗaki ɗaya, su ya kamata a fara leƙawa, kuma almajiri ba shi da uwar da za ta lura numfashinsa ya sauya. Rufe makaranta ko kasuwa ba hurumin asibiti ba ne, shawara yake bayarwa, hukuma ta yanke, kuma ga murar shekara-shekara da wuya a kai nan. Idan kuma aka ji kaji na mutuwa a unguwa a daidai lokacin, sai a sanar da likitocin dabbobi, a bar yanka mai mutuwa ana ci.

Saura batun rigakafi, inda ake yawan ruɗewa. Allurar infuluwenza tana nan, duk shekara ake sabunta ta, amma ba ta cikin jerin rigakafin yara na kyauta a Najeriya. Maniyyata aikin Hajji ne suka fi jin labarinta, domin hukumomin Saudiyya na ba da shawarar a yi ta. Wanda ya ga sunan Hib a bayanin allurar penta ta jarirai kada ya ɗauka ita ce don cikakken sunan ya yi kama da infuluwenza, wata ƙwayar bakteriya ce daban. Amma penta ɗin, da allurar PCV ta limoniya, su ne ke tare cututtukan da kan biyo bayan mura su ƙarasa yaro, kuma duk kyauta ake yin su. Ga babba da yaro duka, akwai alama ɗaya da ta fi yaudarar mutane: zazzaɓi ya sauka, an fara cin abinci, bayan kwana biyu ko uku ya dawo da ƙarfi tare da haki ko ciwon ƙirji ko kaki mai launi. Wannan ba murar ce ta dawo ba, bakteriya ce ta samu huhun da mura ta raunana, kuma a ranar ya kamata a koma asibiti.